Minsharin Maigida da Yadda Likita Ke Auna Barci

 

Yau zancenmu a kan barci ne. Na san wata za ta ce, to, barci kuma har sai an yi masa zama? Ki dai gyara zama, 'yar uwa, ki ji.

Bari in fara da tambaya. Ranar da girki ke hannunki, dare ya raba, maigida ya yi nisa cikin barci yana ta minshari kamar an tayar da injin niƙa. Can sai ki ji ɗif, shiru. Ki kasa kunne, babu numfashi. Ƙirjinsa yana motsi kamar mai kokawa, amma iska ba ta shiga. Gabanki ya faɗi, har kin miƙa hannu za ki taɓa shi, sai ya ja wani dogon numfashi da gurnani kamar wanda aka shaƙe aka saki, ya juya ya ci gaba da minsharinsa. Da safe ki ce, "Malam, jiya fa ka ba ni tsoro," shi kuwa ya ce bai san an yi ba. Kin taɓa ganin haka?

Gaskiyarsa ce, bai sani ba. Mai barci ba ya ganin barcinsa. Likita kuma da rana yake ganin mutum, idonsa biyu, yana numfashi lafiya lau. Shi ya sa cututtukan barci ke daɗewa a jikin mutum ba a gano su ba, kuma shi ya sa awon farko ba a asibiti ake yin sa ba. A ɗakinki ake yi, kuma ke ce mai yin sa.

Abin da ke faruwa shi ne, idan mutum ya yi barci naman maƙogwaro yakan saki, harshe ya koma baya. Idan hanyar iska ta tsuke, iskar da ke wucewa sai ta riƙa kaɗa naman, wannan ƙarar ita ce minshari. Idan kuwa hanyar ta rufe gaba ɗaya, numfashi ya tsaya ke nan. Iskar oksijin da ke cikin jini ta fara raguwa, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na ɗan lokaci kaɗan don ya buɗe maƙogwaro, ya koma barci ba tare da ya tuna ba. Wani haka zai yi ta yi har gari ya waye, sau ɗari ko fiye. Ki duba fa, mutum ya kwanta awa takwas amma ko kaɗan bai huta ba. Sai ki ga ya tashi da ciwon kai, baki a bushe, ga tashi fitsari sau uku sau huɗu cikin dare, ga saurin fushi, da ya zauna sai gyangyaɗi. Idan abin ya daɗe yakan haɗu da hawan jini, musamman irin wanda ake ta shan magani ya ƙi sauka, yana kuma ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. In kuwa maigida direba ne, yana ɗaukar hanyar Kano zuwa Kaduna da fasinja a bayansa, ba sai na faɗa miki abin da gyangyaɗin daƙiƙa biyu zai haifar ba. Likitoci suna kiran wannan ciwo ɗaukewar numfashi cikin barci.

Ba duk mai minshari ke da shi ba fa. Akwai minsharin da ba ya yankewa, mai shi kuma yana tashi garau. Wanda ake tsoro shi ne mai shiru a tsakiya.

To, me za ki yi? Ki ajiye agogo kusa, ko wayar hannu. Idan kin ji shirun nan ya zo, ki ƙirga. Ƙa'idar likitoci ita ce, numfashin da ya tsaya daƙiƙa 10, wato ƙidayar ɗaya zuwa goma a hankali, ko fiye da haka, shi ake lissafawa. Ki lura kamar sau nawa yake yi cikin rabin awa. Ki lura da kwanciyarsa: a rigingine abin ya fi tsanani, ko har a gefe ma yana yi? Yana shure-shure da ƙafa? Yana farkawa yana haki? In ya yarda, ki ɗauki sautin a waya na minti biyar ko goma. Na ce in ya yarda, domin ɗaukar mutum yana barci ba da saninsa ba cin amana ne, kuma daga nan faɗa yake tashi maimakon magani. Amma in da yardarsa, wannan ɗan sautin ya fi dogon bayani a gaban likita, shi ma maigida idan ya ji da kunnensa jikinsa yakan yi sanyi.

In kuna da yawa a gidan, ki tambayi abokiyar zamanki ko ita ma tana jin haka a ranar kwananta. Wannan ba wurin kishi ba ne, miji ɗaya gare ku. Sannan ki nemi lokacin da ransa ke sake, ba gaban yara ba, ba kuma da sigar tsokana ba. Maza da yawa suna jin kunyar a ce suna minshari. Ki ce masa numfashinsa ne ke tsayawa kuma hankalinki ya tashi, ya fi ki ce ya hana ki barci.

Idan an je asibiti, kada ki yi zaton nan take za a jona masa na'ura. Likita da tambaya yake farawa. Akwai wasu tambayoyi takwas da likitoci a Toronto ta ƙasar Kanada suka tsara a 2008, ana amsa su da e ko a'a: yana minshari mai ƙarfi, yana jin gajiya da rana, wani ya ga numfashinsa na tsayawa, yana da hawan jini, yana da ƙiba sosai, ya haura shekara 50, wuyansa na da kauri, kuma namiji ne? Wanda ya samu e uku ko fiye, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya kamata a bincika. Kin ga tambaya ta uku, ke kaɗai ce za ki iya amsa ta. Batun wuya kuwa, ko a gida kina iya aunawa da tef ɗin ɗinki. Idan zagayen wuya ya haura santimita 40, wato kusan inci 16, ya shiga lissafi. Likita zai kuma auna hawan jini da nauyi, ya haska baki da hanci ya ga ko akwai abin da ya tsuke hanya.

Akwai wata takardar kuma ta auna gyangyaɗi, wadda wani likita mai suna Murray Johns ya fitar a 1991 a asibitin Epworth da ke Melbon ta Ostireliya. Ana kawo yanayi takwas, kamar zama ana karatu, kallon talabijin, zama cikin mota tafiyar awa ɗaya, zama shiru bayan cin abincin rana, har da zama ana hira da wani. Kowanne mutum zai ba kansa maki daga 0 zuwa 3 gwargwadon yadda barci ke iya sace shi. Jimla 24 ce, wanda ya haura 10 ana cewa gyangyaɗinsa ya wuce ƙima. A nan ma, in da hali ki kasance kusa, domin maigida zai ce bai taɓa gyangyaɗi cikin hira ba, alhali jiya-jiya kina ba shi labari ya bar ki kina magana ke kaɗai.

Yanzu sai babban awon, wanda ake kwana a asibiti. Sunansa a bakin likitoci folisomnogirafi, mu dai mu ce awon kwana. Zan ɗan tsaya a kansa, domin shi ne mutane suka fi tsoro, kuma tsoron na rashin sani ne.

Mutum zai je da yamma da kayan barcinsa, a ba shi ɗaki da gado. Ma'aikaci zai manna masa wasu 'yan ƙananan faifai a fatar kai da wani abu kamar kunu mai kauri, kowanne da siririyar waya. Waɗannan su ke nuna aikin ƙwaƙwalwa, da su ake sanin ko ya yi barci, ko barcin mai nauyi ne ko sama-sama. A manna biyu a gefen ido, domin lokacin mafarki ido yakan riƙa motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsa, abin da masu bincike a Jami'ar Shikago ta Amurka suka gano a 1953. A manna a haɓa, a ƙirji don bugun zuciya, a ƙwauri don shure-shure. A ɗaura ɗamara mai laushi ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki don a ga ƙoƙarin numfashi. A sa ɗan siririn bututu a bakin hanci mai jin shiga da fitar iska. Sai ɗan matsi a yatsa mai jan haske, wanda ke auna oksijin na jini. A lafiyayyen mutum yakan nuna 95 zuwa 100 cikin ɗari, amma a mai wannan ciwo za a ga yakan faɗi idan numfashi ya tsaya, wani lokaci har ƙasa da 90. Ma'aikacin yana wani ɗaki yana kallon kwamfuta har asuba, a wurare da yawa kuma akwai kyamara da abin ɗaukar sauti.

Ki kwantar da hankalinki, babu allura, babu yanka, babu ɗibar jini. Wayoyin nan ba sa sa wa mutum lantarki, saurare kawai suke yi. Wata ta taɓa tambayata ko na'urar tana ganin abin da mutum ke mafarki. A'a, tana dai nuna lokacin mafarki ya yi, amma abin da ke cikinsa sirrin mai shi ne. In yana son zagawa sai ya yi magana a cire masa mahaɗar wayoyin, ya je ya dawo. Kowa yakan ce, ni ina zan iya barci da wannan tarkace? Amma yawanci barci ɓarawo ne, yakan zo, kuma ko awoyi kaɗan aka samu sukan isa.

Bayan 'yan kwanaki likita zai ƙirga sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai, ya raba da awoyin barci. Wannan lambar ita ce za ki riƙe. Ƙasa da 5 a awa ɗaya, ba komai ga babba. Daga 5 zuwa 15 ciwon mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Ki auna a ranki, 30 a awa na nufin duk minti biyu sai an shaƙe shi sau ɗaya.

Ba zan ɓoye miki ba, ɗakin awon kwana ba kowane asibiti ke da shi ba a ƙasar nan. Kaɗan ne, yawanci a manyan birane, kuma da tsada. Amma akwai ƙaramar na'ura da ake ba mutum ya tafi da ita gida: ɗamara ɗaya, bututun hanci da matsin yatsa. A nuna masa yadda zai ɗaura, ya kwana a gadonsa, da safe ya mayar. Ba ta auna ƙwaƙwalwa, don haka ɗaukewar numfashi kaɗai take nema, kuma takan rage lissafi. In ta ce babu komai alhali ke kina ganin abin da idonki, ki sa a koma wa likita. Ba a kuma dogara da ita ga mai ciwon zuciya ko na huhu mai tsanani. Hanyar dai ita ce a fara da babban asibitin da ke kusa, a nemi a tura ku asibitin koyarwa wajen likitan ƙirji ko likitan kunne, hanci da maƙogwaro, su za su san inda ake yi.

To, duk maigida muke ta yi, ke fa? Mata ma suna samun wannan ciwo, musamman bayan al'ada ta ɗauke, ko in jiki ya yi nauyi. Sai dai na mace yakan zo a ɓoye: gajiya, ciwon kai da safe, rashin barci, ɓacin rai babu dalili, sai a ce aikin gida ne. Kuma wa ke sauraronki? Maigida yana turakarsa, ke kina ɗaki da yara. Ki sa babbar 'yarki ko wata 'yar uwa ta kasa kunne dare ɗaya ko biyu. Mai juna biyu da ta fara minshari mai ƙarfi wanda da ba ta yi, ta faɗa a wajen awon ciki, domin yakan zo tare da hawan jinin masu ciki.

In ke aka ce za a yi wa awon kwana, kina da damar neman ma'aikaciya mace ta manna miki wayoyin, ki kuma tambaya tun kafin ranar ko wata 'yar uwa za ta iya raka ki. Da suturarki za ki kwana. Ki wanke kai kada ki shafa mai, domin faifan ba ya kama fata mai maiƙo, ki tambaye su ko sai kin tsefe kitso. Ki goge jan farce, kuma in kin yi baƙin lalle a yatsu ki nuna musu, yakan tare hasken matsin yatsa. Ranar kada ki yi barcin rana, ki bar goro da shayi tun azahar, ki tafi da duk magungunan da kike sha a gani.

Mai fama da rashin barci kuwa, wadda za ta kwanta ido ya bushe har kiran assalatu, yawanci ba ta bukatar na'ura ko ɗaya. Awonta littafi ne da biro. Mako biyu za ki riƙa rubuta lokacin da kika kwanta, kamar yaushe barci ya zo, sau nawa kika farka da dalili, yaushe kika tashi, ko kin yi ƙailula, goro nawa kika ci, shayi kofi nawa. In boko bai zauna ba ki rubuta da ajami, ko yaro ɗan makaranta ya rubuta miki. Sau da yawa littafin kansa ke tona asiri: goron bayan isha'i, ko barcin awa biyu bayan azahar, ko wata damuwa da ke cin rai wadda ita ce ke bukatar magani.

Wani lokaci kuma jini za a ɗiba. Akwai matan da in dare ya yi ƙafafu su hana su sakat, kamar kiyashi na yawo a cikin ƙwauri, sai sun motsa ko sun tashi sun taka su ji sauƙi. Ya fi yawa ga masu ciki da masu ƙarancin jini, kuma abin da likita zai auna shi ne ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki. In ya yi ƙasa aka cike shi, sau da yawa ƙafar takan lafa. Yawan kasala da barci na iya sa a auna suga, ko ƙwayar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo.

Akwai kuma awon rana, na wanda barci ke kayarwa ko'ina, yana cin abinci ko yana magana, wani ma in ya yi dariya gwiwoyinsa su saki. Yawanci tun ƙuruciya abin ke farawa, sai a yi ta dukan yarinya ana ce mata raguwa, ko a ce iska ce. Sunan ciwon nakolefsi. Bayan awon kwana, washegari za a sa mutum ya kwanta sau biyar, tsakani awa biyu-biyu, kowanne a ba shi minti 20. In a matsakaici barci na ɗauke shi cikin minti 8 ko ƙasa da haka, kuma aƙalla sau biyu ya faɗa barcin mafarki nan da nan, likita ya samu hujja. Masu wannan ciwo sukan yi fama da dannau. Amma dannau shi kaɗai, na lokaci-lokaci, ba ya bukatar awo. Ƙwaƙwalwa ce ta farka kafin jiki ya warware daga sakin da yake yi lokacin mafarki, ya fi zuwa ga mai bashin barci da mai kwanciya a rigingine, kuma cikin ɗan lokaci yake wucewa. Wanda yake mimmiƙewa cikin barci, ya ciji harshe ko ya saki fitsari, shi kuma awon ƙwaƙwalwa ake masa don a duba farfaɗiya.

Kada kuma a haɗa duk wannan da ciwon barcin da kakanninmu suka sani, wanda ƙudan tsando ke kawowa. Shi ƙwayar cuta ce, a jini da kaluluwar wuya ake nemanta, kuma yanzu ya yi ƙaranci ƙwarai.

Sai yara. Yaron da ke minshari kusan kullum, baki a buɗe, yana gumi, yana juye-juye, yana fitsarin kwance bayan ya wuce shekarun yi, ki sa ido a kansa. Yaro ba lallai ya yi gyangyaɗi ba, wani ƙiriniya ce ke ƙaruwa, karatu ya ƙi shiga, jiki ya ƙi girma. Yawanci tsokar nan biyu ta gefen maƙogwaro ce, wadda ake kira tonsil, da wata a bayan hanci, suka yi girma suka tare hanya. Lissafin yara ba irin na manya ba ne, ko sau ɗaya zuwa biyu a awa likita ba ya raina shi. Mai amosanin jini kuwa a fi gaggauta kai shi, domin raguwar oksijin cikin dare ba ta yi masa kyau. Don Allah kada a kai wa wanzami ya cire beli da sunan maganin minshari. Ba belin ne ya tare hanyar ba, ga zubar jini, ga cutar da aska ke iya ɗaukowa. Likitan maƙogwaro shi zai duba ya ce ko za a yi aiki.

In awo ya tabbatar da ciwon ga babba, akwai abin yi. Mai sauƙi yakan ragu da rage ƙiba, da barin taba, da kwanciya a gefe, har wasu sukan ɗinka aljihu a bayan rigar barci su sa ƙwallo don kada a koma rigingine. Mai tsanani ana ba shi wani ɗan inji da ake kira sifaf, wanda likita Colin Sullivan ya fito da shi a Sidni ta Ostireliya a 1981. Yana hura iska a hankali ta abin rufe hanci, ta riƙe maƙogwaro a buɗe har safe. Wani lokaci sai an sake kwana a asibiti don a daidaita ƙarfin iskar. Matsalarsa a wajenmu wuta ce, don haka tun kafin a saya a yi tunanin batir ko sola.

Kafin a kai ga ganin likita, abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki aiki yaro kemis ya sayo wa mai irin wannan minshari ƙwayar barci don kin ga ba ya hutawa. Ƙwayar tana ƙara sakin maƙogwaro, tana kuma danne farkawar nan da ke ceton numfashinsa. In kuwa yana shan wata tun da, a tafi da kwalinta ranar zuwa asibiti.